Martani: Ba Ƙyallin Wili Ke Kai Mota Gida Ba

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan sabunta wilin mota na alminiyam, wanda direbobi da makanikai suka fi sani da aloyi. Malam ya tsaya a kan abu uku. Na farko, fentin feshi da ake yi a garejojin kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da kewaye aikin da ne, zamaninsa ya wuce. Na biyu, fentin hoda, wato busasshen garin nan da ake fesawa da ƙarfin lantarki sannan a gasa shi a tanderu, ya fi na feshi ta kowace fuska, kuma tunda da shi manyan kamfanoni ke fito da wilinsu, babu abin ɗar-ɗar a cikinsa. Na uku, ya kamata hukuma ta tashi masu feshin bakin hanya, ta tallafa wa matasa su buɗe shagunan hoda unguwa-unguwa. Ba na shakkar kyakkyawar niyyarsa, kuma na yarda mai mota ya cancanci aikin da ya fi wanda yake samu a yau. Inda muka raba hanya shi ne, tun daga farkon rubutun har ƙarshensa, Malam ya auna aikin da abin da ido ke gani: sheƙi, santsi da daɗewar launi. Ko sau ɗaya bai tambayi halin da ƙarfen da ke ƙarƙashin fentin zai shiga ba. Alhali wannan ƙarfen ne ke ɗauke da mota da mutanen cikinta, kuma shi ne abin da tanderun hoda ke iya raunanawa ba tare da kowa ya gani ba.

Bari in fara da ba shi haƙƙinsa. Fentin hoda ba aikin banza ba ne. An fara shi a Jamus a shekarun 1950, kuma a farkon shekarun 1960 aka samu bindigar da ke caja garin da lantarki, ta yadda zai manne a jikin ƙarfen da aka haɗa da wayar ƙasa. In aka shigar da kayan tanderu, sai garin ya narke ya haɗe ya zama rufi guda mai tauri. Ba a sirka shi da tina, don haka babu warin nan mai hawa kai. Wanda bai kama jikin kaya ba ana iya tattara shi a sake fesawa. Ya fi fentin feshi jure tsakuwa da gogayya. Da a kan ƙofar gida ko tagogi ko gadajen asibiti ko kujerun makaranta Malam ya yi maganarsa, da ni ne farkon mai mara masa baya, domin baƙin ƙarfe bai damu da zafin digiri 200 ba. Wilin alminiyam kuwa sha'aninsa daban ne.

Ƙarfin wilin aloyi daga wutar da aka auna yake zuwa. Yawancin waɗanda ke kan motocinmu zubi ne na wani haɗi da masana'antu ke kira A356: alminiyam, da silikon kusan kashi 7 cikin 100, da ɗan maganiziyam da bai kai rabin kashi ɗaya ba. Bayan an fito da wilin daga mazubi, sai a riƙe shi sa'o'i a zafin da ya kai wajen digiri 540 na ma'aunin Salsiyos, a tsunduma shi cikin ruwa, sannan a mayar da shi wuta marar ƙarfi, wajen digiri 155, na wasu sa'o'in. A wannan mataki na ƙarshe ne maganiziyam da silikon ke taruwa cikin ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma su ne ke hana ƙarfen lanƙwashewa. In zafi ya zarce ko ya daɗe, sai ƙwayoyin su girma su yi nesa da juna, ƙarfin ya ragu, kuma ba ya dawowa don wilin ya huce. To, hodar da aka fi samu a kasuwa tana nuna ne a digiri 180 zuwa 200, na minti 10 zuwa 20, kuma ana fara ƙirga mintocin ne daga lokacin da ƙarfen kansa ya ɗauki zafin, wanda ke nufin zaman wili a cikin tanderu ya fi haka tsawo. Kowa ya duba lambobin nan zai ga gashin hoda ya ɗara zafin da aka ba wilin ƙarfinsa da shi. Ban ce gashi ɗaya da aka auna da kyau yana kashe wili ba. Ba ya kashewa. Abin da nake cewa shi ne tazarar da ke tsakanin gyara da ɓarna ƙanƙanuwa ce, kuma wanda ba shi da ma'auni ba zai san ranar da ya tsallake ta ba.

Hujjar Malam mafi ƙarfi ita ce kamfani ma hoda yake sawa. Gaskiya ne. Sai dai kamfani sabon wili yake gasawa, wanda ya san tarihinsa tun daga tukunyar narki, kuma injiniyoyinsa sun riga sun saka zafin gashin fenti cikin lissafin ƙarfin wilin. Tanderunsa na da na'urorin da ke rubuta zafi. Sannan ana ɗibar samfuri a ɗora a injin da zai yi ta juya shi ƙarƙashin nauyi, a kuma saki ƙarfe mai nauyi a kansa a ga ko zai fashe. Tambarin JWL da ake gani a jikin wilin motocin Japan alamar irin wannan ƙa'ida ce. Wilin da ke isowa Ƙofar Ruwa fa? Na Kwatano ne ko na Beljiyam, ya yi shekaru a titunan da ake watsa wa gishiri lokacin ƙanƙara, ya zo nan ya sha ramuka, wataƙila an taɓa miƙe shi, wataƙila an taɓa yi masa walda. Kuma sabuntawa ba gashi ɗaya ba ne. Zubabben alminiyam yana da ƙananan kafofi da ke riƙe iska da maiƙo, sai an fara gasa shi tsirara don su fita, in ba haka ba fentin ya yi ƙuraje. Sai gashin fentin ƙasa, sai na launi, sai na sheƙi. Shiga wuta uku ko huɗu ke nan, a kan wadda kamfani ya riga ya yi. Kamfanin Alcoa na Amurka, wanda ya fito da wilin alminiyam na manyan motoci tun 1948, ya gargaɗi masu amfani da kayansa cewa wilin da ya sha zafin da ya wuce digiri 204 a cire shi daga aiki, kuma kada a yi masa walda ko a sa masa wuta don miƙewa. In mai ƙera abu ya kafa iyaka a 204, ana kuma gasa hoda a 200, ai ba maganar da za a wuce da jimla ɗaya ba ce.

Akwai dalilin da ya sa wannan gargaɗi ya fi shafar mu mutanen Dala. Sana'ar ƙarfe a nan ta girmi ganuwa. Masu binciken tarihi sun samu shaidar narka tama a yankin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin Abagayawa maƙera da neman tama ya kawo su sananne ne. Ilimin da aka gada ilimin baƙin ƙarfe ne, shi kuwa baƙin ƙarfe yana faɗa wa maƙeri halin da yake ciki: ya yi ja, ya koma ruwan lemo, ya yi fari. Da ido ake karanta shi. Ko a zamanin mota, wilin ƙarfe na motar 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, in ya lotsa guduma ce maganinsa, ya miƙe a ci gaba da tafiya. Alminiyam ba ya yin ja. Launinsa ɗaya tun yana sanyi har ya kusa narkewa wajen digiri 600. Na tsaya na ga ana miƙe wilin aloyi da ya lanƙwashe a baki. An kwantar da shi a kan tsohuwar taya, yaro na zagaya gurbin da wutar gas, maigida na tsugune da guduma da guntun katako, yana ɗiga ruwa a gefe yana kallon yadda ɗigon ke tsalle. Da ya ce ya isa, ya dafa katakon ya buga sau da yawa, wilin ya miƙe tsaf, kowa ya yaba. Amma wurin da wutar ta zauna ya riga ya yi laushi, kuma ba wanda zai iya nuna shi da yatsa. Mutumin ƙwararre ne, sai dai ƙwarewarsa ta wani ƙarfen ce. Irin wannan hannu, da ya saba auna wuta da ido, shi Malam ke so a damƙa wa tanderu ba tare da an yi zancen ma'auni ba.

Sannan wane tanderu? Wanda zai ɗauki wili huɗu ya riƙe zafi daidai yana cin kilowat da dama, kuma yana son wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wuta na rukunin A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, duk mai ƙaramin shago ya san abin da lantarki da janareta ke ci. Abin da zai biyo bayan kiran Malam a fili yake: akwatin kwano da mai walda ya haɗa, da kan murhun gas a ƙasansa. A irin wannan akwati, wilin da ke kusa da harshen wuta da wanda ke sama ba zafi ɗaya suke sha ba. Ko a wili ɗaya ma, siririn baki yana riga kaurin tsakiya ɗaukar zafi. In akwai agogon zafi a ƙofa, iskar ciki yake aunawa, ba ƙarfe ba. Ƙaramar bindigar auna zafi da ake nunawa daga nesa kuwa, lambar da take bayarwa a kan alminiyam mai ƙyalli tana ƙasa da gaskiya. In gas ya ƙare hoda ba ta nuna ba, sai a sake gashi. In mai mota na jira yana ƙorafi, sai a ƙara wuta. Duk waɗannan ba sa bayyana a fuskar wili. Zai fito yana sheƙi, mai shi ya biya yana godiya, bai san garin neman gira an rasa ido ba.

Abin da maƙalar ta tsallake gaba ɗaya shi ne cire tsohon fenti. Hoda ba ta zama daram sai an kai ga ƙarfe tsirara, kuma hanyoyi masu arha guda uku ne: ƙonawa, soda da feshin yashi. Fenti ba ya zama toka sai zafi ya haura digiri 350, wanda ya isa ya tafi da ƙarfin da kamfani ya ba wilin. Sodar yin sabulu tana cire fenti a baƙin ƙarfe lafiya lau, amma alminiyam cin sa take yi. Wanda ya taɓa leƙa rabin duron da aka jiƙa wili a ciki ya ga ruwan na tafasa babu wuta a ƙasa, kumfa na tashi, wilin ya fito da baƙi-baƙi da ƙananan ramuka. Kumfar nan iskar haidirojin ce, mai kama wuta. Ga kuma abin da ya kamata mai mota ya sani tun da wuri: taurin da ake yabon hoda da shi, shi ne ke sa cire ta wahala. Ranar da wilin ya karce a bakin kwalbati aka zo sabuntawa karo na biyu, mai aiki zai ga samfefa ba ta cinta, hankalinsa ya koma ga wuta.

A kan lafiya, Malam ya ce hoda ta fi tsafta. A lokacin fesawa haka ne. Amma shirin da ke gabanta, in da yashin rafi za a yi shi, ya fi warin tina haɗari. Yashi cike yake da silika. In ya bugi ƙarfe ya farfashe, ƙurarsa ta shiga huhu ta bar tabon da ba ya warkewa, sai shekaru sun ja mutum ya ga numfashi na gagararsa. Ingila ta hana feshi da yashi a irin wannan aiki tun 1949. Wannan ba wanke fentin feshi ba ne. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa ruwan taurarawa, yana ɗauke da sinadarin da ke haddasa asma, kuma ƙyallen da yaran shago ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Masu feshinmu na da laifi babba a nan, musamman iyayen gidan da ke tura yaro ya yi feshi a ɗaki rufe. Sai dai maganin wannan takunkumi ne na gaskiya mai matata, da wurin da iska ke wucewa, kuma mai hoda ma yana bukatar su. Sauya fenti kaɗai bai ceci huhun kowa ba.

Kaurin hoda, wanda Malam ya ƙirga cikin falalarta, shi ma yana da wurin da yake zama masifa. Shafi ɗaya yakan kai kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, uku kuwa sun ninka haka. In aka bar ta ta zauna a mazaunin noti, ko a fuskar bayan wili da ke manne da hob, wato cibiyar da ake ɗaure wili a kai, to notin ba ƙarfe ya kama ba, roba ya kama. Zafin birki ya tausasa ta, nauyi ya matse ta, ɗaurin ya saki a hankali. Direban da ya bar Ƙofar Ruwa noti a ɗaure tam zai iya wuce Bichi a hanyar Katsina kafin ya ji sitiyari na rawa. Fentin feshi ma in ya taru a wuraren nan yana yin haka. Ƙa'idar ɗaya ce ga kowa: a toshe ramukan noti, a rufe fuskar baya da tef, su fito ƙarfe tsirara. A ɗaure noti da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. Maƙalar da ke kiran mutane su sabunta wili ba ta ambaci wannan ba, ta bar abin da ya fi launi muhimmanci.

Haka nan tsaga. Baƙin ƙarfe yakan lotsa ya ba da sanarwa, alminiyam kuwa siririyar tsaga yake yi ta yi ta tafiya a hankali, sau da yawa a gindin hannayen wili, ko gefen ramin noti, ko bakin ciki da ba a gani sai an cire taya. Lokaci ɗaya tak da za a iya ganinta da kyau shi ne bayan an cire tsohon fenti, kafin a sa sabo. Hoda mai kauri tana malalawa ta rufe ta ruf. Gwajin kuwa ba ya bukatar injin waje. Tun fiye da shekara 100 da suka wuce ma'aikatan jirgin ƙasa a Turai da Amurka ke yin sa da mai da alli. A wanke wili ya bushe, a shafa kananzir a bar shi ya shiga, a goge tas, a shafa ruwan alli siriri. In ya bushe, a ɗan ƙwanƙwasa. Duk inda akwai tsaga, kananzir zai fito ya zana layi a kan farin allin. Akwai gwangwanayen feshi na ja da fari da ke yin aikin fiye da haka, ga mai hali. Wilin da ya nuna tsaga a hannu ko a ramin noti ba na fenti ba ne, ba na walda ba ne. A fasa shi a ba 'yan gwangwan, don kada ya dawo kasuwa da sabuwar fuska.

Saura zargin cewa fentin feshi ba ya daɗewa. Wanda ke ɓarewa bayan damina ɗaya, ba feshi ne ya kashe shi ba, rashin shiri ne. Alminiyam da zarar ya sha iska yake yin wani siririn rufi da fenti ba ya kamawa, sai an sa fentin ƙasa na musamman da ke ɗan cizon ƙarfen. Mai gaggawa ba ya sawa, wani ma taya na jiki yake feshin. Amma a Dala akwai masu yin aikin yadda ya kamata. Za ka ga an cire taya da dalmar balansin, an wanke wili da sabulu har maiƙon birki ya fita, an bi shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, an kankare farin garin da gishirin Turai ya bari a mazaunin taya, wanda shi ke sa iska zurarewa a hankali. Lokacin hunturu za ka ga an yayyafa wa ƙasa ruwa, an yi feshi da sassafe kafin ƙura ta tashi, shafi siriri-siriri, ana jira tsakanin kowane biyu. Irin wannan fenti zafin Kano kaɗai ya isa ya busar da shi, ko an gasa ma ba ya wuce digiri 60, don haka ƙarfin wilin yana nan yadda ya zo. In ya karce, a gyara gurbin kaɗai. Kuma mu a nan ba gishirin titi ke damun mu ba, rana ce da ƙura da sabulun wankin mota mai ƙarfi. Hodar ma iri-iri ce: ta ifoksi tana koɗewa ta yi gari a rana, ta foliyesta ce ke jurewa. Mai mota da aka ce masa hoda kawai, bai san wacce aka fesa masa ba.

Kiran a tashi masu feshi shi ne abin da ya fi ɓata mini rai a maƙalar. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabon wili ya fi ƙarfin mafi yawan masu mota, gyaran tsoho ya zama dole. Mutanen da Malam ke so a kora su ne ke riƙe da wannan aiki, kowanne da iyali da yaran koyo a bayansa. In aka tashe su daga bakin hanya, lungu za su koma, inda iska ba ta wucewa kuma ba mai ganin abin da suke yi. Kora ba ta koya wa kowa sa fentin ƙasa. Abin da zai yi amfani shi ne ƙungiyoyin masu sana'ar su haɗa kai da kwalejojin fasaha na Kano da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, a yi gajeren horo a kan alminiyam: zafin da yake ɗauka, gwajin tsaga, rufe mazaunin noti, da kare huhu. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta fitar da ƙa'ida bayyananniya da Hausa. In za a tallafa wa hoda, ƙwararrun wurare kaɗan a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, masu tanderun da ke da wayar auna zafi a jikin ƙarfe da takardar shaidar kowane gashi, sun fi akwatunan kwano ɗari a unguwanni. Akwai hodar da ke nuna a wajen digiri 160, ita ta dace da wili. Masu feshin Dala su shirya wilin su duba shi, wanda mai shi ya zaɓi hoda a kai can.

Mai mota kuma, kafin ya miƙa wilinsa ga kowa, ya yi tambaya huɗu. Da me za ka cire tsohon fentin? Yaya za ka duba tsaga? Za ka rufe mazaunin noti da fuskar baya? In hoda ce, a digiri nawa, minti nawa, sau nawa, kuma da me kake aunawa? Mai feshin da ya amsa ukun farko da kyau ya fi mai hodar da ya kasa amsa ta huɗu. Mai hodar da ya amsa duka huɗun, a ba shi aikin da zuciya ɗaya.

Malam, ina roƙon ka sake duba kiran da ka yi. Alƙalaminka yana da masu sauraro, kuma mutane za su ɗauki wilinsu su nufi duk inda suka ga an rubuta hoda saboda kai ka ce. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, yana nan maƙwabtaka da kasuwar da muke magana a kai, kuma masu kwanciya a cikinsa da yawa hanya ce ta kai su. Bai kamata mu ƙara musu ko mutum ɗaya saboda kwalliyar wili ba. Ka nemi a tilasta ma'aunin zafi, da gwajin tsaga, da takunkumi ga yaran shago, ka bar maganar kora. In ka yi haka, za ka same ni da masu feshin Ƙofar Ruwa a sahu ɗaya da kai. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu.